Darasi: Waɗanda ke riƙe da ragamar kolej da lise, da rabon uwaye a ciki

Darasinmu na wannan karo ya shafi wani gida da ƴaƴanmu ke wuni a cikinsa daga watan Oktoba zuwa watan Yuni, alhali da yawa daga cikinmu ba su san ƙofofinsa ba. Uba yakan kai ɗansa kolej ranar buɗe makaranta, ba ya komawa sai ranar da aka ce an kori yaron. A ranar nan kuwa magana ta riga ta ƙare. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana yadda ake tafiyar da waɗannan makarantu, domin kowa ya san wanda zai nufa, da lokacin da ya kamata ya nufe shi.

Na farko: matakan karatu

A ƙasarmu Nijar karatun sakandare hawa biyu ne. Hawa na farko shi ne kolej, wanda ake kira CEG, shekara 4, daga aji siziyam zuwa aji turwaziyam, a rufe da jarrabawar BEPC, wato birebe. Hawa na biyu shi ne lise, shekara 3, a rufe da jarrabawar bak, wadda ke buɗe ƙofar jami'a. Inda aka haɗa hawan biyu a cikin shinge ɗaya, sunan makarantar CES. Kowa ya san lise Ɗan Baskore a Maraɗi, da Amadu Kuran Daga a Damagaram, da Agabba a Tawa, da Isa Korombe a Yamai. Makarantun faranko-arab, waɗanda tushensu ke komawa ga madarasar Sayi ta 1957, su ma a kan wannan tsari suke tafiya, sai dai an ƙara musu larabci da darussan addini. Dokar da ta shimfiɗa tsarin ilimin ƙasa, wadda ake kira LOSEN, ta fito a shekarar 1998, ta kuma ambaci uwaye da al'umma cikin masu ɗaukar nauyin makaranta tare da gwamnati.

Na biyu: masu aiki da ayyukansu

Shugaban kolej shi ne darakta, shugaban lise kuwa purobizar ake ce masa. Shi ke amsa sunan makarantar gaban hukumar ilimi ta jaha, shi ke sa hannu a takardu, shi ne kuma maƙurar ƙara a cikin gida. A lise akwai sansar a ƙarƙashinsa, wanda ke kula da karatu: shi ke raba awoyi ga malamai, ya tsara jarrabawa, ya duba ko an koyar da abin da aka tsara. Sai masu tsaron ladabi, sirbeyan, waɗanda ke rubuta sunan wanda ya makara da wanda bai zo ba, su ne ke ba da takardar komawa aji. Sai ma'aji, mai riƙe da kuɗi da kayan makaranta. Kowane aji kuma yana da malami guda da aka ɗora wa alhakinsa.

Amfanin sanin wannan a fili yake. Wanda ke son ya san ko ɗansa na zuwa makaranta, ofishin sirbeyan zai nufa, domin can littafin fashi yake. Wanda ya ji cewa wata guda ke nan ba a ga malamin lissafi ba, wurin sansar ko darakta zai je. Wanda ya tashi da fushi ya nufi malami a cikin aji ya ɓata tafiyarsa, ya kuma kunyata ɗansa.

Na uku: yadda ake yanke wa yaro hukunci

Ana auna ɗalibi da maki a kan 20, kuma 10 ita ce matsakaiciya. Darussa ba nauyinsu ɗaya ba: a kolej faransanci da lissafi sun fi sauran nauyi, saboda haka rauni a cikinsu yana jan yaro ƙasa ko da ya ƙware a wasu. An raba shekara gida biyu, kowane rabi da takardar sakamakonsa, wato buletin. A ƙarshen shekara majalisar malamai ke zama ta duba sakamakon kowa, ta ce wannan ya wuce, wannan zai maimaita, wannan an sallame shi. Uban da ya karɓi buletin na farko, ya sa aka karanta masa, yana da sauran watanni na gyara. Wanda ya jira na biyu, labari kawai zai ji. Mu lura musamman da ƴaƴa mata da yaran ƙauye da ke zaune a gidajen masu masauki a birni, domin su ne fashinsu ke daɗewa ba wanda ya sani.

Na huɗu: kujerar uwaye

Akwai ƙungiyar uwayen ɗalibai, akwai kuma kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES. A makarantun firamare aka fara shi, jahar Tawa kuma na cikin wuraren da aka gwada shi tun 2004 da taimakon ƙasar Japan, kafin ya bazu ko'ina ya kai ga sakandare. A cikinsa wakilan uwaye da na malamai da na ɗalibai ke zama tare da shugaban makaranta. Babban taro ne ke zaɓen wakilai, shi ke amincewa da ayyukan shekara, kamar gina rumfunan zana, gyaran tebura, sayen alli da samar da ruwan sha. Kuɗin da muke bayarwa a farkon shekara nan yake shiga. Dukiyar jama'a ce, cikinta har da jikkar gwauruwa da ta mai tallan goro. Wajibi ne a ba da rasit, a kuma karanta lissafi a bainar taro. Neman lissafi ba zargi ba ne, kariya ce ga ma'aji mai gaskiya.

Abin da muke roƙo

Kowane uba ko mariƙi ya san sunan malamin ajin ɗansa. Ya leƙa ofishin sirbeyan ko da sau ɗaya a wata. Ya karɓi buletin da hannunsa. Ya halarci babban taro, ya zaɓi mai amana ko da ba ɗan unguwarsu ba ne. Wanda bai iya karatun boko ba ya riƙi maƙwabcin da ya iya, babu kunya a cikin haka. Masu iya magana sun ce ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Makarantar da ba ta taɓa ganin uwaye ba kuwa, ba ta da wanda za ta ji nauyinsa.

Allah ya shiryi zuri'armu, ya taimaki malamansu a kan amanar da suka ɗauka. Wassalamu alaikum.