Tufafin Salla Da Zaman Cin Tuwo Cikin Dangi

Idan Salla ta gabato, hankalin magidanta kan koma wajen tela, musamman a gidajen da dangi ke taruwa cin tuwon Salla bayan an sauko daga Idi. To, shari'a ba ta hana ado ba. Ya tabbata Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, yakan sa mafi kyawun tufafinsa ranar Idi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da sa fararen kaya, ya kuma haramta wa maza alharini da zinariya, ya halatta su ga mata.

Amma aya ta 31 ta Suratul A'araf, wadda ta yi umurni da ado da ci da sha, ita ce kuma ta hana almubazzaranci. Saboda haka wanda ya ci bashin shadda don kada a raina shi a gidan surukai, ya ɗora wa kansa abin da Allah bai ɗora masa ba. Hausawa na cewa Salla ta wuce ta bar wawa da bashi.

Mata kuwa su sani ba duk dangi ne muharramai ba. Ƙanen miji da taubashi ba sa cikinsu, don haka mayafi shara-shara bai isa sutura a gabansu ba.

Mai hali kuma ya tuna, a kan tabarmar nan akwai ɗan'uwansa wanda wanki kawai ya yi wa tsohuwar rigarsa. Ɗinka masa sabuwa ya fi ƙara aiki a wuyan tasa lada.

Allah Ya datar da Musulmi, amin.