Ladubban Shiga da Keke Shago da Ajiye Shi a Ƙofa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya ratsa Sabon Gari ranar Litinin ko Juma'a, ranakun cin kasuwar Maraɗi, zai tarar kekuna da babura sun tare ƙofofin shaguna. Wani ya taso daga Tibiri, wani daga Jiratawa da buhun zogala, kuma tsoron ɓarayi kan sa mutum ya tura kekensa har cikin shagon da ba nasa ba. Tsare dukiya abin nema ne a shari'a, amma ba ta hanyar cutar da wani ba.

Malaman tafsiri sun sanya shago cikin wuraren da aya ta 29 ta Suratun Nur ta halatta shiga ba da neman izini ba. Wannan sauƙi don biyan buƙatar mai saye ne. Shigar da keke kuwa sai da yardar mai wurin.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu, don kada ya ji wa Musulmi rauni. To, feda mai yaga riga da bututun hayaƙin babur mai ƙona ƙafar yaro sun cancanci irin wannan kiyayewa. Imamu Malik kuma ya bayyana cikin Muwaɗɗa cewa wanda ya ɗaure dabba a hanyar Musulmi, inda bai halatta gare shi ba, shi ke lamunin ɓarnar da ta auku.

Saboda haka mu kiyaye waɗannan ladubba:

1. Mu yi sallama, mu nemi izini. In an hana mu, kada mu ji haushi.
2. Mu dubi taya, domin takan ɗauko najasa, alhali mai shago nan yake shimfiɗa tabarmar sallarsa, nan kuma buhunan abinci suke.
3. Mu jingine keke gefe, mu sa masa kwaɗo, mu bar wa makaho da tsoho hanya. Haka nan a ƙofar masallaci.
4. In kekenmu ya fasa kaya ko ya zubar, mu biya, ko mu nemi yafewa.
5. Mai shago, in ka karɓi ajiya, ta zama amana a wuyanka.

Allah Ya sa mu gama da haƙƙin mutane lafiya, amin.