Azara daga kai take ruɓewa

Sana'ata gini da rufi, kuma yawancin aikin da ake kirana a cikin Birnin Zazzau, daga Kwarbai zuwa Limanci da Unguwar Juma, gyaran abin da ya ruɓe ne: azarar soro, dirkokin rumfar tsakar gida, katakon da ke ɗauke da kwano. Abin da nake so masu gida su sani shi ne, ruɓewar itace takan fara ne a inda ido ba ya kaiwa, wato inda ya shige ƙasa ko bango, wurin da danshi ke kwana.

Azara ba ta da laifi. Wadda aka tsaga daga namijin giginya da ya ƙosa, baƙa mai nauyi, gara ma ba ta cika samun yadda take so da ita ba. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830, kuma har yau ana iya ganin aikinsa a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Magabata sun san ruwa ne abokin gabarta, shi ya sa suke shafe rufi da makuba ko laso, suna gyara indararo tun kafin hadarin farko.

Mu kuwa mun bar wannan. Sai a shafe bangon ƙasa da siminti, a buga silin, a yi fenti, ɗaki ya fito fes. Simintin ya tsage kaɗan, ruwan Agusta ya bi tsagar ya shiga, ba shi kuma da hanyar fita. Kan azarar da ke cikin bango ya jiƙa, ya kwana a jiƙe har ƙarshen damina, ya zama dusa. Tsakiyarta tana nan garau, amma inda take dafe da bango babu komai. Ga kuma ƙasar da ake ƙarawa a kan rufi kowace shekara da sunan yaɓe, ba a kankare tsohuwa, nauyi sai ƙaruwa yake.

Wani dattijo ya kira ni don in sauya masa silin da ya yi tabo. Na cire falle ɗaya, na soka ƙusa mai inci 4 a kan azarar, ta shige da ɗan yatsa kawai, ba guduma. Gari ja ya zubo mini a hannu, ga hanyar gara ta bi bango ta hau. Na ce, "Baba, yau kada kowa ya kwana a ɗakin nan." Ya ce, "Malam, ai tun zamanin mahaifina rufin nan yake." Na ba shi ƙusar ya gwada da kansa. Kafin magariba an kwashe gadon jikokinsa.

Gwajin nan kowa zai iya yinsa. A soka ƙusa inda azara ta haɗu da bango, ko gindin dirkar rumfa daidai ƙasa. A ƙwanƙwasa: itace mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake. Bayan an ɗauke ruwa a hau soro a duba. Duk inda ruwa ya kwanta, rufin ya fara lotsawa a nan.

In za a gyara, a fara da hanyar ruwa, domin sabuwar azara a jiƙaƙƙen bango asarar kuɗi ce. A tokare rufin daga ƙasa, a rage ƙasar sama, sannan a zare ruɓaɓɓiyar. Kada a yarda a ɗora ɗan guntu a kan ruɓaɓɓe a rufe, duk sauƙin kuɗin da aka faɗa. Wajen sayen azara a duba launi da nauyi, don mai fari-fari daga cikin itacen take, ba ta da ƙarko. Dirkar rumfa kuma kada a binne ta kai tsaye. A ɗora ta a kan dutse ko dandamalin siminti da ya ɗara ƙasa da taƙi guda, a shafe gindin da maganin gara ko baƙin mai. Katako ɗanye, komai arharsa a 'Yan Katako na Sabon Gari, a bar shi ya bushe tukuna.

Lokacin wannan aiki shi ne daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa Maris. Ina roƙon masu gida, musamman waɗanda tsofaffi da yara ke kwana a ɗakunan soro, ku duba kan azararku a wannan rani, kada ku jira sai ɗaki ya fara yoyo.