Darasin Kimiyya: Laikin, Tabon da Ke Jikin Dutse da Itace

Darasinmu na wannan wata a kan wani abu ne da kowa ya taɓa gani, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya dube shi ba. Idan ka hau dutse, ko ka duba gindin tsohon mangwaro ko ɗorawa, za ka ga wani tabo-tabo manne a jiki. Wani toka-toka ne, wani kore-kore, wani kuma rawaya. Wani a shafe yake kamar fenti. Wani yana da baki a tashe kamar busasshen ganye. Turawa suna kiransa laikin, kuma da wannan suna za mu kira shi a nan.

Ya fi yawa a wurare masu ruwan sama da raɓa, kamar tsaunukan Jos da Mambila. Amma ko a duwatsun ƙasar Hausa ana ganinsa.

Masu lambu da yawa sun ɗauka cuta ce. Sai ka ga mutum ya sa wuƙa yana kankare jikin itacensa, har ya ji wa ɓawon ciwo. To, a daina. Laikin ba kauci ba ne. Shi kauci yana cusa saiwarsa cikin reshe, ya sha ruwan itace, ya raunana shi. Laikin kuwa ba shi da saiwa ko ɗaya. Wurin zama kawai yake nema. Gaskiya ne yakan yi yawa a itacen da ya fara bushewa, shi ya sa ake zarginsa. Dalili shi ne ganye ya ragu, hasken rana yana isa jikin itacen, shi kuwa laikin haske yake so. Idan ka ga haka, nemi ciwon a wani wuri: ko gara ce, ko ƙarancin ruwa, ko tsufa. Raunin da wuƙa ta yi shi ne ƙofar da cuta ta gaskiya za ta shiga.

Abu biyu ne a jiki ɗaya

Kun san funfuna, wadda take fitowa a tuwon da ya kwana biyu. Kun kuma san gansakuka, koren nan da ke kan ruwan kududdufi. To, laikin haɗin dangin funfuna ne da dangin gansakuka. Funfunar ita ce take saƙa jikin da wasu zarurruka sirara ƙwarai. A cikin saƙar, dab da fata, ƙwayoyin gansakuka suke zaune. Ido ba ya ganinsu sai da madubi mai ƙara girman abu.

Gansakuka tana haɗa abinci da hasken rana da ruwa da iska, kamar yadda ganyen dawa yake yi. Funfuna ba ta iya wannan ba, saboda haka sai ta riƙa ɗibar abincin. Ita kuma tana ba gansakuka gida, ta riƙe mata laima, ta kare ta daga zafin rana. Zamansu ya yi kama da na makiyayi da saniyarsa. Yana tsaronta, yana kuma tatsarta. Wane ne ya fi cin riba? Ni dai a ganina makiyayin ne.

Wanda ya fara faɗin wannan wani masani ne ɗan ƙasar Suwizalan, mai suna Simon Schwendener, a shekarar 1867. Manyan masana na lokacin suka ƙi yarda, wasu har da yi masa ba'a. Daga baya aka tabbatar da gaskiyarsa. Kusan shekara 150 ana koyar da haka a makarantu: laikin abokai biyu ne.

Sai aka gano na uku

A jihar Montana ta ƙasar Amurka akwai wani laikin da yake reto a rassan itatuwa kamar gashi. Iri biyu ne. Ɗaya mai ruwan ƙasa, wanda mutanen asali na yankin suke gasawa a rami su ci tun zamanin kakanninsu. Ɗaya kuma rawaya-rawaya, yana da guba. Masana suka binciki ƙwayoyin gado na kowannensu, wato abin da yake sa ɗa ya yi kama da iyayensa. Sai suka ga funfunar ɗaya ce, gansakukar ma ɗaya ce. To, me ya sa wannan ake ci, wancan kuma guba?

Wani mai bincike, Toby Spribille, shi da abokan aikinsa suka ɗauki shekaru a kan wannan tambaya. A shekarar 2016 suka bayyana abin da suka gano. Ashe akwai wata halitta ta uku a ɓoye cikin fatar laikin ɗin. Dangin yis ce, amma ba irin wanda ake sa wa burodi ya tashi ba. A cikin mai gubar yis ɗin ya yi yawa, a cikin wanda ake ci kuwa kaɗan ne. Da suka duba wasu ire-iren laikin daga nahiyoyi 6, suka same shi a da yawa daga cikinsu. Daga baya wasu masana sun duba wasu ire-iren ba su gan shi ba. Har yanzu ana muhawara a kan ainihin aikin da yis ɗin yake yi. Abin da aka yarda da shi dai shi ne, cikin laikin akwai mazauna da yawa, har da ƙwayoyin bakteriya. Ya fi kama da gida mai sassa fiye da ɗakin mutum biyu.

Bari in ɗan ratse, saboda 'yan ajin yaƙi da jahilci. Shi wannan Spribille bai yi makaranta yadda sauran yara suke yi ba. A gida ya yi karatu, kuma ba shi da takardar sakandare. Aikin gandun daji ya fara yi, ya tara kuɗi, ya tafi Jamus, inda jami'ar garin Gottingen ta karɓe shi. Yau littattafan jami'a suna ambaton aikinsa.

Wajen ƙidaya ma ana ta gyara. Ire-iren laikin da aka ba suna sun kai kusan 20,000 a duniya. A shekarar 2014 wani masani, Robert Lücking, da abokansa suka binciki wani laikin na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. An daɗe ana ɗauka iri ɗaya ne. Da aka duba ƙwayoyin gadonsa, sai ga aƙalla iri 126. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ka zaci iri ɗaya ne, kuma yana ko'ina, ba za ka damu ba don an ƙone daji guda. Alhali wataƙila irin da ke wannan dajin babu shi a wani wuri.

Jimiri da rauni

Laikin yana da jimiri na ban mamaki. Da rani yakan bushe ƙamas, ka ce ya mutu. Ruwa na taɓa shi sai ya farfaɗo. A shekarar 2005 masana na Turai suka aika iri biyu sararin samaniya a cikin kumbon Rasha. Aka bar su a waje kimanin kwana 15, babu iska, babu ruwa, ga zafin rana, ga sanyi. Da aka dawo da su ƙasa, suka ci gaba da rayuwa.

Amma girmansa a hankali yake. Wasu na kan dutse ba sa ƙara ko milimita 1 a shekara, wato bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Tabon da ya kai tafin hannunka zai iya girme wa kakanka. A hamadar ƙasar Namibiya akwai filaye cike da laikin, suna rayuwa da laimar da iska take kawowa daga teku. Su ne suke riƙe ƙasar wurin. Idan mota ta bi ta kansu, sawun tayar yakan yi shekaru masu yawa bai goge ba.

Abin da ya fi kashe shi shi ne ƙazamar iska. Tun da ba shi da saiwa, duk abin da yake sha daga sama yake zuwa, mai kyau da marar kyau. A shekarar 1866 wani masani, William Nylander, ya rubuta ire-iren laikin da ya gani a wani babban lambu a birnin Faris na Faransa. Bayan shekara 30 duk sun ɓace, saboda hayaƙin kwal. Sai wajen 1990, bayan an rage hayaƙin, aka sake ganinsu a itatuwan lambun. Shi ya sa a ƙasashe da yawa ake duba laikin don a san lafiyar iskar gari.

Laikin yana yin sinadarai fiye da 1,000, kuma yawancinsu ba a samunsu a wata halitta. Da wasu ake yin turare, da wasu ake rini. Takardar litimas da 'ya'yanku suke gani a ajin kimiyya, da shi ake yin ta. Idan aka tsoma ta a ruwan lemon tsami sai ta koma ja, a ruwan kanwa kuwa shuɗiya. A Indiya akwai irin da ake sa wa miya don ƙamshi. Akwai kuma wani sinadari a cikinsa da yake kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Amma kada wani ya ji haka ya je ya kankaro ya jiƙa ya sha. A shekarar 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani maganin rage ƙiba mai ɗauke da wannan sinadari, domin ya lalata hantar wasu mutane. Kuma kun ji labarin Montana, inda mai guba da wanda ake ci suke reto a daji ɗaya.

Ga aikin gida. Ku nemi laikin mai launin toka, irin mai kama da ganye. Ku yayyafa masa ruwa, ku jira ɗan lokaci. Da yawa za ku ga sun koma kore, don fatar ta jiƙe, launin gansakukar da ke ciki ya fito. Ku rubuta jimla uku a kan abin da kuka gani, da inda kuka same shi, da sunan da ake kiransa a ƙauyenku. Ku ba malamin ajinku ya aiko mana.