Nono ya kumbura, me ya kawo maganar hoto?

Tambaya: Ina shayar da jariri ɗan wata biyu. Nonona na hagu ya kumbura ya yi tauri, ga raɗaɗi ga zazzaɓi. Na shanye maganin da likita ya rubuta mini amma bai sace ba, yanzu ya ce in je a yi mini sikanin. Abin da ido ke gani me hoto zai ƙara? Kuma ba zai ɓata wa yaron nono ba? Daga Maman Abba, Funtuwa.

Amsa: Maman Abba, Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana Abba.

Ki kwantar da hankalinki game da ruwan nono. Na'urar sikanin irin wadda ake ɗora wa mai ciki ce lokacin awo. Da sauti take aiki, ba ta ɓata ruwan nono, ba ta cutar da yaro.

Irin wannan kumburi ya fi samun masu shayarwa a watanni 3 na farko, idan nono ya taru bai fita ba, ko kan nonon ya tsage ƙwayoyin cuta suka shiga. Da farko idon likita da hannunsa sun wadatar. Amma in magani ya ƙare ciwo na nan, abin da yake son sani shi ne ko mugunya ta taru can ciki, kuma hannu ba ya iya tantancewa tunda ko'ina ya yi tauri. A fuskar na'ura mugunyar kan fito baƙi-baƙi a wuri guda. Likita na kallo zai tura allura har tsakiyarta ya zuƙe da sirinji, ya aika a gwada don a san maganin da ya dace. Sau da yawa wannan ke hana a kai ga tsaga nonon. Don Allah kada ki bari a yi miki sakiya a gida. Tabo da ƙarin cuta take bari.

Akwai dalili na biyu, kuma gara ki ji shi daga gare mu. Wata irin sankarar mama tana zuwa da kamannin wannan kumburi, sau da yawa ba tare da ƙullutu ba. Ba ta da yawa: a Amurka kashi 1 zuwa 5 ne cikin ɗari na masu sankarar mama. Sai dai tana da saurin yaɗuwa. Ƙwayoyinta kan toshe ƙananan magudanan ruwan da ke cikin fata, sai fatar ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, wurin kan ƙara duhu ne kawai. Sikanin na nuna kaurin fatar da kaluluwar hammata. Tarin fuka ma na iya kama nono ya rikitar da likita.

In an ga abin shakka sai a ƙara da mamogiram, hoton da ake matse nono a ɗauka. A jikin mai shayarwa ba ya fita sosai, shi ya sa ake cewa a ba yaro ya tsotse kafin a shiga. Wani lokaci a nemi wani hoton da ake kira MRI don ganin iyakar inda ciwon ya kai. Duk da haka hoto ba ya yanke hukunci. Sai an ɗebo ɗan ƙanƙanin nama da allura an duba a ɗakin gwaji.

Ga mai goyon wata biyu, mugunya ce aka fi zato. Ki je cikin makon nan, ki tafi da kwalayen magungunan da kika sha, kuma ki ci gaba da ba Abba nonon sai in likita ya ce ki dakata.