Wa'adin Saƙo a Wasiƙar Lantarki

Wasiƙar lantarki, wadda aka fi sani da imel, ba ta tafiya kai tsaye daga kwamfutar mai aikawa zuwa ta mai karɓa. Takan bi ta hannun waɗansu manyan kwamfutoci da ake kira saba, waɗanda ke aiki irin na gidan waya, bisa ƙa'idar SMTP da Jon Postel ya tsara a Amurka a shekarar 1982. A kan wannan hanya ne saƙo yake fara haɗuwa da wa'adi.

Idan sabar da za ta karɓi saƙo ba ta amsa ba, ko don ɗaukewar wuta ko don yankewar layi, sabar da ta ɗauko shi ba ta yar da shi. Sai ta ajiye shi a layin jira, tana sake gwadawa lokaci-lokaci. Ƙa'idar da aka fitar a 1989 ta ba da shawarar a bar aƙalla minti 30 tsakanin gwaji da gwaji, kuma kada a fid da rai sai bayan kwana 4 zuwa 5. Manhajar Sendmail, alal misali, takan aiko da gargaɗi bayan awa 4, sa'an nan ta mayar da saƙon ga mai shi bayan kwana 5. Abin lura a nan shi ne bambancin sanarwar nan biyu. Ta farko tana nufin saƙo yana hanya, ba sai an sake aikawa ba. Ta biyu kuwa tana nufin ya mutu a hanya. Ɗalibin da ya aika takardar neman gurbin karatu, bai karanta sanarwa ta biyu ba, zai zauna jiran amsar wasiƙar da ba ta taɓa isa ba.

Wa'adin da mai aikawa yake sakawa da kansa ya fi wannan rauni nesa ba kusa ba. A manhajar Outlook ana iya rubuta ranar da saƙo zai daina amfani, amma in ranar ta zo, abin da manhajar take yi kawai shi ne ta ja layi a kan sunansa cikin jerin saƙonni; har yanzu ana iya buɗe shi. Dalili kuwa shi ne, da zarar saƙo ya sauka, kwafinsa yana hannun sabar mai karɓa, kuma ba dole ba ne ta bi umarnin baƙo.

A 2018 Gmail ta fito da wata dabara ta kauce wa wannan matsala: rubutun ba ya barin sabar Google. Mai karɓa yana leƙa shi ne daga can, kuma idan wa'adin ya cika, daga kwana 1 har zuwa shekara 5 gwargwadon zaɓin mai aikawa, sai a rufe masa ƙofa. Duk da haka babu abin da zai hana shi ɗaukar hoton rubutun tun kafin a rufe.

Akwai kuma wa'adin da manhaja take zartarwa shiru, ba tare da sanarwa ba. A Gmail, duk saƙon da ya kwana 30 a kwandon shara ko a rumbun saƙonnin banza, to gogewa ake yi. Matattarar da ke tace saƙonni kuwa takan yi kuskure, har ta jefa wasiƙar gaske daga makaranta cikin wannan rumbu, kuma lissafin kwana 30 ɗin yana tafiya ko mai akwatin ya leƙa ko bai leƙa ba.