Idan Laftof Ta Ƙi Kama Wuta: Abin da Uwargida Za Ta Duba Kafin Ta Nemi Mai Gyara

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof. A yau gidaje da yawa ba su rasa ta. Wata malamar makaranta ce, a ciki take shirya jarrabawar ɗalibanta. Wata lissafin sana'arta ke ciki, wata kuma ta maigida ce ko ta yara masu karatu, amma a hannunta ake barin ta. To ranar da aka danna maɓalli aka ji shiru, hankali kan tashi, a ɗauke ta a guje sai wurin mai gyara, wani lokaci a kashe kuɗi masu yawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da za ki riƙe shi ne, wuta hanya take bi kafin ta isa cikin kwamfuta: daga soket ɗin bango zuwa caja, daga caja zuwa ramin da ake soka ta, daga nan zuwa batir da babban allon da ke ciki, wanda masu gyara ke kira bod. Wannan hanyar za ki bi daki-daki, ki fara da na waje mai araha kafin a kai ga na ciki mai tsada. Sannan ki kwantar da hankalinki, rashin kama wuta ba ya nufin hotunanki da takardunki sun salwanta. Suna cikin ma'ajiyarsu, kuma ita ba ta buƙatar wuta kafin ta riƙe abin da aka zuba mata.

Da farko: shin da gaske ba ta kama wuta?

Ki danna maɓallin kunnawa, ki kasa kunne, ki kuma zuba ido. Kin ji ƙarar fanka? Wata 'yar fitila ta haska a gefe ko a kan maɓallin? Ki danna madannin da aka rubuta wa Caps Lock ki ga ko fitilarsa za ta kama. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, to wuta na shiga, matsalar ta fuskar kwamfutar ce ko wani abu daban. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai, domin shi ne abu na farko da mai gyara na kirki zai tambaye ki. In kuwa babu haske, babu motsi, sai mu ci gaba.

Na biyu: soket da filogi

Kada ki raina wannan mataki. Ki soka wani abu da kika tabbatar yana aiki, kamar cajar waya ko fitila, a daidai ramin da kika soka cajar kwamfutar. In kina amfani da soket mai doguwar waya, ki cire shi ki soka kai tsaye a bango, don irin waɗannan sukan saki daga ciki.

Filogi mai ƙafa uku, irin wanda aka saba da shi a Nijeriya, yana da ɗan ƙaramin fiyus a cikinsa. In ya ƙone, caja lafiyarta lau amma wuta ba za ta isa gare ta ba. Sai a sa sabo mai lamba daidai da ta tsohon. Don Allah 'yar uwa kada ki yarda a naɗe gurbinsa da zaren waya ko takarda mai ƙyalli kamar yadda wasu ke yi. Fiyus mai gadi ne, an yi shi ne don ya ƙone a madadin kayanki da gidanki.

Na uku: caja

Sau da yawa a nan laifin yake. Caja kashi biyu ce: wayar da ke tasowa daga bango zuwa ɗan akwatin nan mai nauyi, da kuma siririyar wayar da ke fita daga akwatin zuwa kwamfuta. Ta farkon ana zare ta, kuma ana sayar da ita ita kaɗai da kuɗi kaɗan, don haka ki tabbatar ta shiga sosai, in da hali ki gwada wata. Ta biyun kuwa, ki cire cajar daga wuta ki bi ta da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ki duba inda ta lanƙwashe, ko inda ɓera ya taɓa, musamman gindinta da kuma kusa da baki. Ki shinshina akwatin ko za ki ji ƙauri. Amma fa kada ki buɗe shi, domin akwai abin da ke riƙe wuta mai ƙarfi a ciki ko bayan an cire shi daga soket.

Wasu cajoji, kamar da yawa daga na Dell, suna da 'yar fitila. Ki soka a bango ba tare da kwamfutar ba. In fitilar ba ta kama ba, cajar ce ko wayarta. In ta kama, amma da zarar kin soka a kwamfuta sai ta mutu, to ki dakata, kada ki yi ta maimaitawa. Wannan alama ce cewa wuta na haɗewa a cikin kwamfutar, cajar kuma tana kashe kanta ne don kariya. Wannan aikin mai gyara ne.

Hanya mafi sauƙi ta wanke caja ko kama ta da laifi ita ce aron wata irinta. Sai dai a nan ne ake yin ɓarna, domin ba kowace cajar da bakinta ya shiga ba ce ta dace. Ki juya bayan akwatin ki nemi inda aka rubuta Output. Za ki ga lamba mai harafin V da wata mai harafin A. Misali, yawancin na HP masu wat 65 suna ɗauke da 19.5V da 3.33A, na Lenovo 20V da 3.25A, na Acer da Asus da yawa 19V da 3.42A. In kika ninka lambobin biyu za ki sami ƙarfin cajar, wato wajen wat 65 a duka misalan nan. Ƙa'idar ita ce: lambar V ta zama daidai da ta cajarki ta asali, lambar A kuwa ta zama daidai ko ta fi, amma kada ta gaza. In cajar asalin ta ɓata, akan rubuta waɗannan lambobi a ƙarƙashin kwamfutar.

Ki leƙa cikin bakin cajar kuma. Na HP da Dell masu zagayayyen baki suna da siririyar allura a tsakiya, wadda da ita kwamfutar ke gane irin cajar da aka soka mata. In ta karye ko ta lanƙwashe, kwamfutar na iya ƙin cajin batir. Sababbin kwamfutoci kuwa da yawa suna caji ne da ɗan bakin nan irin na wayoyin zamani, wato USB-C. Shigar bakin cajar wayarki ba ya nufin za ta iya, domin laftof kan nemi wat 45 ko 65, ƙaramar cajar waya kuwa ba ta kai nan ba. Haka nan ba kowane rami irin wannan a jikin kwamfutar ne ke karɓar caji ba, sai ki gwada ɗayan.

In ta kama sai an sayi sabuwa, ki tuna araha ba ta ado. Jabun caja ta fi ta ainihi rashin nauyi, tana zafi fiye da kima, kuma tana iya jawo asarar da ta ninka kuɗin da aka yi tattali.

Na huɗu: sauke ragowar wuta

Wani lokaci babu abin da ya lalace, ɗan abin da ke kula da kunnawa ne ya rikice. Ki cire caja, ki cire duk abin da ke jone da ita, kamar filash da linzami. In batirin irin wanda ake zarewa ta baya ne, ki zare shi. Sai ki danna maɓallin kunnawa ki riƙe kamar daƙiƙa 30. Daga nan ki soka caja kaɗai ba tare da batir ba, ki kunna. In ta tashi, to batirin ne abin zargi. In batirin na ciki ne, ki yi haka nan ba tare da cire shi ba. Wasu samfuran Acer da Lenovo suna da ɗan mitsitsin rami a ƙasa wanda ake dannawa da tsinke don wannan aiki, amma ki duba littafin kwamfutar tukuna, kada ki soka tsinke a ramin da ba shi ba.

Na biyar: batir

Kwamfutar da ta yi watanni a ajiye batirinta kan zube ƙasa warwas. Ki bar ta a caji kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ki yanke hukunci.

Akwai alama ɗaya da ba a wasa da ita, wato kumburin batir. In kika ga wurin da ake goga yatsa ya taso, ko madannai sun yi tudu, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ki daina caji nan take. Kada ki danne shi, kada ki huda. Ki ajiye kwamfutar a kan siminti, nesa da katifa da labule da hannun yara, har a kai ta a canza. Tsohon batirin kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, domin yana iya fashewa ya kama da wuta. Ki bar wa mai gyaran.

Na shida: ramin caji

In fitilar caji tana kamawa tana ɗaukewa duk lokacin da aka motsa bakin cajar, ramin ne ya saki. Yawanci hakan na faruwa ne idan yaro ya yi tuntuɓe da waya, ko an ɗaga kwamfutar da caja a jiki. Kada ki saba da tokare bakin da littafi don ya kama, domin wurin na yin zafi har ya ƙona abin da ke kusa. A wasu kwamfutocin ramin a kan 'yar wayarsa yake, cirewa kawai ake yi a sa sabo. A wasu kuma an liƙe shi da dalma a jikin bod, sai mai hannu.

Inda za ki tsaya

Ki tsaya idan kin ji ƙauri, ko ruwa ko shayi ko kunu ya zube mata, ko kin bi duk matakan nan ba ta motsa ba. Game da zubar ruwa, ki cire caja, ki kashe ta, ki kife ta a buɗe a kan tawul, kada ki gwada kunnawa don ki ga ko tana yi. Binne ta cikin shinkafa ba ya fitar da abin da ya shiga, sukari da gishiri kuma suna cin bod a hankali, don haka a kai ta da wuri a wanke. In sabuwa ce mai garanti, kada kowa ya kwance ta, a mayar inda aka saya tare da rasit.

Zuwa wurin mai gyara

Ko ke za ki je, ko maigida, ko yaro za a aika, ki rubuta waɗannan a takarda: lambar jikin kwamfutar, ranar da ta daina, abin da ya faru kafin nan, da abin da kika riga kika gwada. A tafi da cajar, a ce ya auna ta da mita a gaban mai kaiwa. In ya ce bod ne, a tambaye shi wane ɓangare. Sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne guda ya ƙone a hanyar shigar wuta, kuma wanda ya ƙware yana iya canza shi kaɗai ba sai an sayi bod sukutum ba. A yi ciniki kafin ya fara, a kuma ce ya dawo da duk abin da ya cire.

Sai batun sirri, wanda ya fi shafar mu mata. A cikin kwamfutar nan akwai hotunan biki da na cikin gida waɗanda ba ki son idon wani namiji ya gani, ga takardun banki da na aiki. Gyaran wuta ba ya buƙatar kalmar sirrinki, ganin ta kunnu tana caji ya isa shaida, sauran gwajin a yi a gabanku. In ma'ajiyar bayanan irin wadda ake cirewa ce, ana iya cewa ya cire ta ya ba ku ku tafi da ita gida. A wasu sirara na zamani a liƙe take, wannan sai a nemi mai amana. Kuma kada a yarda da maganar a goge komai a sake zubi, wato fomatin, domin ba ya maganin rashin wuta.

Ƙarin abu guda: kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle bayanansu da tsarin BitLocker. In an canza bod ko an kai ma'ajiyar wata kwamfutar, za ta nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi. Ki neme shi ki rubuta ki adana tun tana lafiya.

Rigakafi

Ki cire caja daga bango idan an ɗauke wuta, ko za a juya layi zuwa janareta, sai wutar ta zauna ki mayar. Haka ma lokacin tsawa da walƙiya da damina. Kada ki ɗora ta a kan katifa ko filo tana aiki, don ramukan shan iskarta na ƙasa da gefe. Da hunturu ki riƙa rufe ta saboda ƙura. Ki kama kan caja in za ki cire, kada ki fizgi waya, kuma kada ki naɗe ta tamau. In za ta daɗe a ajiye, ki bar batirin da kamar rabin caji, ki riƙa leƙa ta bayan 'yan watanni. Sannan ki kwafe muhimman abubuwanki a filash ko wata ma'ajiya ta daban, ko da sau ɗaya a wata.

Ki yanke wannan shafi ki ajiye a jakar kwamfutar, ki kuma nuna wa yara, tunda su ne suka fi ta'ammali da ita. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da sirrinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.